Rigar ƙarfe ta sojan Auta

1. Saƙo daga arewa

A garin Damagaram, cikin unguwar Birni, akwai wani gida mai ƴaƴa maza biyu. Babban shekararsa 12, yana aji shida. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunansa, kowa a gidan Yaya yake ce masa. Ƙaramin shekararsa 6, ana ce masa Auta. Babansu ya tafi bida Tamanrasat, a ƙasar Aljeriya. Damina biyu ke nan ba su sa shi a ido ba, sai dai murya ta waya.

Wata ranar Alhamis, ranar da kasuwar Dole take cika, wani direba ya yi sallama da ƙunshi a hannu. Da aka kwance, sai ga turmin atamfa na Inna, da dabino, da takalma na Yaya. Can ƙasa kuma, naɗe cikin tsohon rawanin Baba, ga wani ɗan soja na roba. Wannan na Auta ne.

Sojan ba sabo ba ne, kayan gwanjo ne. Ba hula, ba bindiga, fentin gashinsa ma ya goge. Amma tsawonsa ya kai santimita 30, kuma yana da gaɓoɓi kamar na mutum. Wuyansa yana juyawa, gwiwarsa tana lanƙwasa, kafaɗa da wuyan hannu duk suna motsi. Auta ya rungume shi, ya ce ƙanshin Baba yake yi. Tun daga ran nan da shi yake kwana.

Yaran unguwa suka zo kallo. Wasu suka yi sha'awa, wasu kuwa suka yi dariya, suka ce: «Namiji da ƴar tsana!»

Wannan gori ba a Damagaram aka fara shi ba. A Amurka, a shekarar 1964, kamfanin Hasbro ya fito da wani sojan roba mai suna G.I. Joe, mai gaɓoɓi masu motsi, tsawonsa kusan santimita 30. Masu kamfanin sun ji tsoron kada a ƙi saya wa ƴaƴa maza ƴar tsana. Sai suka hana a kira shi da wannan suna, suka raɗa masa wani, wanda ke nufin mutum-mutumi mai motsi. Daga baya kamfanoni da yawa suka kwaikwaya. Sojan Auta jikan wancan ne, ko suna babu a bayansa.

2. Hoton da ke shagon Kawu

Inna tana da ƙane mai gyaran rediyo da wayoyin salula a bakin kasuwa. Ran Asabar da Lahadi Yaya yakan je ya taya shi aiki. A bangon shagon akwai wani tsohon hoto da aka yanko daga mujalla. Wani baƙin abu ne mai siffar mutum. Kansa kamar ƙwarya a kife, amma garau take, ana hangen ƴan ƙarafa a ciki. Ƙirjinsa kamar tukunya, hannuwansa gajeru, ƙafafunsa kuwa sai ka ce an ɗora ƴan tuluna bisa juna.

Yaya ya ce: «Kawu, mene ne wannan?»

Kawu ya ce: «Robo ne, mutum-inji. Sunansa Robby. Ƙare sharar nan in gwada maka shi yana tafiya.»

Fim ɗin yana cikin wayar Kawu. Sunansa Forbidden Planet, da Faransanci Planète interdite, watau duniyar da aka hana zuwa. Kamfanin MGM na Amurka ne ya fito da shi a 1956. Labari ne na ƙirƙira: wasu matafiya suka sauka da kumbonsu a wata duniya mai nisa, suka tarar da wani masani da ƴarsa da baransu Robby. A cikin labarin Robby yana jin harsuna 188, yana shirya abinci, yana yin riga, yana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfin mutane. Abu guda ne ba ya iyawa: kashe ɗan Adam. Sa'ad da ubangidansa ya ba shi bindiga, ya ce ya harbi shugaban baƙin don a ga halinsa, sai wuta ta riƙa tartsatsi cikin kansa, ya tsaya cik har aka janye umarnin.

Yaya ya kalla sau uku. Dā ma shi ne gwanin motar waya da motar kara a unguwarsu. Ya ce lalle sai ya yi nasa Robby. Ya gwada da laka, ta bushe ta tsage. Ya gwada da kara, ya tsaya ƙyam kamar mutum-mutumin gona. Abin da yake so shi ne robo mai ɗaga hannu, mai lanƙwasa gwiwa. Gaɓoɓi irin waɗannan kuwa, a duk unguwar, wuri guda suke: ƙarƙashin bargon Auta.

3. Wuƙa

Ga dabarar da ya shirya a ransa. Zai cire kan sojan ya kifa gindin gora a wurin. Zai yanke hannuwan, tun da na Robby yatsu uku ne masu kauri. Sa'an nan ya shafe sauran jikin da baƙin fenti. Bai tambayi Auta ba, don ya san amsar da zai samu.

Wata rana da la'asar, Auta yana makarantar allo, Inna tana ɗaki bisa keken ɗinkinta, sai Yaya ya ɗauko sojan. Ya tura wuƙa cikin garwashin murhu har ta yi zafi, ya ɗora ta a wuyan hannun hagu. Robar ta narke, baƙin hayaƙi mai wari ya tashi, ya shaƙa ya kama tari. Hannun ya faɗi cikin toka.

Warin ne ya fito da Inna. Kafin ta buɗe baki, sai ga Auta ya shigo da allonsa. Ya dubi sojan, ya dubi wuƙar. Bai yi ihu ba. Ya durƙusa ya tsinci ɗan hannun, ya hure tokar, ya ce: «Yaya, in Baba ya dawo, me zan ce masa?» Sa'an nan hawaye suka zubo.

Da Inna ta zane shi da bulala, da ya fi wa Yaya sauƙi. Amma ba ta taɓa shi ba. Ta ce kawai: «Kai, ɗauki abin nan ka kai wa kawunka. Kada ka dawo mini da shi haka.»

4. Mutum ne a ciki

Kawu ya juya sojan, ya yi tsaki. Ya huda dungun da allura mai zafi, ya huda hannun, ya sa guntuwar waya a tsakani, ya ɗiga gam. Hannun ya kama. Amma wuyan hannun ya daina juyawa, kuma baƙin tabo ya kewaye shi kamar munduwa. Kawu ya ce: «Iyakar abin da zan iya ke nan. Roba in ta ƙone ba ta komawa yadda take. Fentin nan ma da ka so shafa masa, irin wannan roba mai taushi ba ta shan fentin mai. Da ya yi wata da watanni yana danƙo. To, kan kuma me ya yi maka da za ka cire shi?»

Yaya ya ce: «Ai robo ba shi da kan mutum.»

Kawu ya yi dariya, ya ce: «Wa ya gaya maka? Robby riga ce. Mutum ne a ciki.»

Gaskiya Kawu ya faɗa. A 1956 ba a da injin da zai yi abin da Robby yake yi a fim. Ma'aikatan kamfanin ne suka zana shi, cikinsu har da Robert Kinoshita, Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 100. Aka ƙera rigar da roba mai tauri da ƴan ƙarafa, kashi uku: ƙafafu da ƙugu, ƙirji da hannuwa, sa'an nan kai. Wani ɗan wasa mai suna Frankie Darro yana cikin waɗanda suka sa ta. Kansa bai kai cikin ƙwaryar nan ta sama ba. Ta tsakanin ƴan sandunan fitila shuɗɗa da ke ƙarƙashinta yake leƙowa, waɗanda ke haske in Robby yana magana. Muryar ma ta wani ce dabam, Marvin Miller.

Yaya ya daɗe yana duban hoton. Ashe babu abin da ya kamata a yanke tun farko.

Da dare ya je ya tsuguna gaban shimfiɗar Auta. Abin da wuya, babba ya roƙi ƙarami, amma ya yi. Ya ce: «Auta, ka yafe mini. Ka ara mini sojanka in yi masa riga.»

Auta ya yi shiru, sa'an nan ya kafa sharuɗɗa uku. Wuƙa ba za ta sāke taɓa shi ba. Fenti ba zai taɓa shi ba. Kuma kullum dare za a fito da shi ya kwana a wurinsa. Yaya ya amsa. Sharaɗi na uku ne ya fi ba shi wahala, don dole ke nan a yi rigar da za ta buɗu ta rufu.

5. Lissafi

Ran Litinin Yaya ya kai wa Malam hoton. Malam ya ji daɗi, ya ɗaga wa aji. Ya ce kalmar robo daga harshen Cek ta fito. Wani marubuci, Karel Capek, shi ya sa ta a wasan kwaikwayonsa a 1920. Tushenta «robota», watau aikin tilas, irin wanda aka sa kakanni zamanin mulkin Faransa har aka soke shi a 1946.

Sa'an nan ya ɗauki alli. Ya ce: «Tsawon Robby kusan mita 2 da santimita 10 ne. Sojan nan mai santimita 30 yana madadin mutum mai santimita 180. Sau nawa aka rage shi?»

Aji ya amsa: «Sau shida!»

«To, a raba 210 gida shida.»

«35!»

Yaya ya koma gida da murna. Ya shimfiɗa takardar buhun siminti, ya zana Robby mai santimita 35, ya kwantar da sojan a bisa. Sai ya ga kan sojan ya shige tsakiyar ƙwaryar, inda ya kamata a sa ƴan ƙarafa. Ya sāke awo, haka dai. Lissafin daidai yake, abu guda aka manta: wanda ya sa rigar a fim gajeren mutum ne, sojan Auta kuwa dogo.

Yaya ya ce a ransa, da za a rage ƙafafun kaɗan... Ya dubi baƙin tabon nan, ya kau da kai. Inna tana kallonsa daga kan kekenta. Ta ce: «Shekarata nawa ina ɗinki, ban taɓa rage mutum don ya shiga riga ba. Ƙyalle ake ƙarawa.»

Sai ya ɗauko ma'auni. Daga ƙasa zuwa idon sojan santimita 28. A hoton kuma ya auna ya ga sandunan fitila suna wajen kashi bakwai cikin goma na tsawon Robby. Ya raba 28 gida bakwai, ya samu 4. Ya ninka sau goma, ya samu 40. Ya zana sabon Robby mai santimita 40, ya kwantar da sojan. Idanunsa suka faɗa daidai inda ake so.

6. Aiki

Aikin ya ci mako biyar, tsakiyar hunturu.

Ƙafafu aka fara. Yaya ya yayyaga takardar siminti siri-siri, ya dama kunun rogo, ya liƙa takardar hawa shida a jikin goruba. In ta bushe sai ya tsaga ta biyu, ya fidda gorubar, ya mayar da ɓawon ya liƙe, ya huda sama da ƙasa. Na farko ya yi gaggawa, ya tsaga da ɗanye, suka lotse. Na biyu ya shanya a bakin rumbu, akuyar Inna ta cinye huɗu. Na uku ya rataye su a igiyar shanya, Auta yana gadi da sanda. Da suka cika shida, uku a kowace ƙafa, sai ya zura su a guntun robar cikin tayar keke, ya haɗa da ɗan ƙoƙo a ƙugu. Suka zama wando. Tafin ƙafa kuwa daga tsohon silifa ya yanko, masu fāɗi, don kada robo ya faɗi.

Ƙirji babban gwangwanin madarar gari ne. Kawu ya tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa, ya fidda ƙofofin hannu biyu ta gaba. Bakin gwangwani yana da kaifi, saboda haka Yaya ya bi shi duka da awartaki yana lanƙwasawa ciki, sa'an nan ya liƙa tsumma don kada ya karci sojan. Wani baduku maƙwabcinsu ya ba shi guntuwar jar fata. Ya ɗinke ta a gefe guda da waya, gwangwanin ya riƙa buɗuwa kamar ƙofa. A ɗaya gefen ya yi ƴar ƙugiya.

Hannuwa tiyo ne mai zobe-zobe, irin wanda masu aikin lantarki ke zura waya a ciki. A bakin kowane ya ɗaura ƴar safa ta baƙar roba mai yatsu uku. Ta hagu ya yi ta da ɗan fāɗi, don kada ta matsa wurin ɗori.

Kai ne ya fi cin lokaci. Sai da ya zaga kasuwa kwana biyu kafin ya sami gorar roba mai gindi sumul, ba ƙafa-ƙafa. A ciki ya jera haƙoran wani mataccen agogo da ƴan wayoyi masu murɗi na cikin alƙalami. A gefe ya ɗaura zoben makulli biyu a madadin kunnuwa, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kamar yadda suke a hoton. Ƙarƙashin ƙwaryar ya jera guntayen bututun alƙalami masu garau, hawa biyar. Kawu ya ba shi ɗan mitsitsin ƙwan fitila shuɗi da ya ciro daga wata tsohuwar caja, da pil biyu ƙanana cikin kwalin ashana, a ɗaura a baya. Yaya ya haɗa waya, fitila ta ƙi kamawa. Ya ce ta mutu. Kawu ya ce: «Juya ta. Irin wannan ƙwai ta hanya guda wuta ke bi masa. Doguwar ƙafar ita ce ta wajen alamar ƙari.» Ya juya, sai shuɗin haske ya tashi.

Saura fenti. Yaya ya sayar da motocin waya biyu, ya sayi baƙin fenti na dala sittin. Ya fidda sojan tukuna, ya miƙa wa mai shi. Ya goge gwangwanin da yashi har ya yi kaushi, don fenti ba ya zama a ƙarfe mai santsi. Ya shafa siriri, ya bari ya bushe, ya ƙara. Da ya bushe sarai, ya kankare bakin fensir ya zama gari, ya goga da tsumma. Takarda da roba da gwangwani duk suka ɗauki ƙyalli iri ɗaya, sai ka rantse ƙarfe ne.

7. Dare

Ran da aka gama, bayan sallar isha'i, yaran unguwa suka cika zaure, har da masu gorin nan. Aka kashe fitila. Auta da kansa ya sa wa sojan wando, ya rufe ƙirji, ya kifa kai. Yaya ya ɗaga hannun robo, ya lanƙwasa gwiwarsa. Auta ya ɓuya bayan tabarma, ya sa baki cikin gwangwani, ya yi sallama da babbar murya. Duk kalmar da ya faɗa, Yaya sai ya taɓa waya, shuɗin haske ya ƙifta. Wani ƙaramin yaro ya ruga waje. Sauran suka amsa sallamar.

Kawu ya ce wa yaran, rigar Robby ta ainihi tana nan har yanzu. A 2017 aka yi gwanjonta a birnin New York, aka saye ta dalar Amurka miliyan 5 da dubu 375. Wani yaro ya ce: «Auta, in aka taya naku haka, za ku sayar?»

Auta ya ce: «Rigar ta Yaya ce, in ya so ya sayar. Soja dai na Baba ne.»

Kawu ya ɗauki hoto da wayarsa ya aika Tamanrasat. Washegari amsa ta zo da murya. Baba ya yi ta sa albarka, sa'an nan ya ce: «To, ina ɗan sojan da na aiko?»

Auta ya zare ƙugiya, ya buɗe ƙirjin. Kawu ya ɗaga waya zai ɗauka, sai Yaya ya ce: «Kawu, ku dakata.» Ya cire safar hagu, ya juyo da hannun yadda tabon zai fito sosai. Sa'an nan ya karɓi wayar, ya faɗa wa Baba da bakinsa yadda aka yi.

Har yau Baba bai dawo ba, an ce sai bayan girbi. Kullum dare Yaya yakan zare ƙugiya ya miƙa wa Auta sojansa. Rigar kuwa a kan keken ɗinkin Inna take kwana, a tsaye, ba kowa a ciki, sai da safe.

Tambayoyi

1. Me ya sa Yaya bai tambayi Auta ba tun farko?
2. Waɗanne sharuɗɗa Auta ya kafa? Wanne ne ya sāke fasalin aikin, kuma ta yaya?
3. In daga ƙasa zuwa idon soja santimita 21 ne, nawa tsawon robo zai kasance?
4. Ku kawo sunayen abubuwa biyar da ake zubarwa a unguwarku, ku faɗi abin da za a iya ƙerawa da kowane.